Tambaya da Amsa: Ɗana ya tsinci ɗan tsuntsun teku a tsakar gida, ya zan yi da shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni dai ina nan Apapa ne kusa da bakin ruwa, gidan haya muke mu wajen ɗaki shida. Shekaranjiya da asuba, bayan iskar nan da aka kwana ana yi, ɗana ɗan shekara tara ya fita ɗibar ruwan alwala sai gashi ya dawo a guje wai Umma zo ki ga wani tsuntsu a bayan tanki baya iya tashi. Na je na duba, wallahi ban taɓa ganin irinsa kusa haka ba, girmansa kamar hankaka ko ma ya fi, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige, bakinsa baƙi, ƙafarsa irin ta agwagwa mai fata tsakanin yatsu. Wani maƙocinmu da yake aiki a tashar jiragen ruwa yace ɗan tsuntsun teku ne, irin fararen nan masu bin jirage, wai jariri ne shi yasa bai yi fari ba. Mun kife shi da kwandon wanki, na watsa masa gero ko kallo bai yi ba, na jiƙa burodi a madara na tura masa kaɗan sai ya amayar, ga kuma ruwa na ɗiga ta hancinsa kamar mai mura. Maigida yace a yanka kafin ya mutu a banza, yaron kuma sai kuka yake wai a bar masa ya kiwata. Ni kam tausayi yake bani in ya ɗago ya kalle ni. Dan Allah Malam me yake ci, kuma ta yaya zan gane ko uwarsa na nemansa?

Uwar yara, Apapa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri ke da yaron nan, Allah ya raya shi. Kafin komai ma dan Allah ki ajiye madarar nan da burodin, kar a sake ba shi ko ɗigo. Tsuntsu cikinsa baya narkar da madara, zawo take sa shi, kuma wanda ya riga ya galabaita in zawo ya shiga masa to sai dai wani ikon Allah. Burodi kuma cika ciki ne kawai ba abun da zai ƙara masa. Gero da bai kalla ba ai da gaskiyarsa, ba cimarsa bace, shi kifi ya sani.

Toh bari in fara da maganar uwa tunda ita ce ta fi damunki. Yadda kika kwatanta shi ɗin nan, girman hankaka, gashi ya gama fitowa, ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, baki baƙi, ni a ganina wannan ba jariri bane, saurayi ne ɗan bana, kuma zai yi wuya a ce uwarsa na kusa. Maƙocinku ya canka rabi, eh tsuntsun teku ne irin wanda Turawa ke ce ma sigal, kuma eh ƙuruciya ce ta hana shi fari. Amma manyan cikinsu sai sun kai wajen shekara 4 kafin su gama rikiɗewa su zama fari tas da baƙin baya da bakin nan ruwan ɗorawa mai jan ɗigo a ƙasa, kin ga kenan wanda ya yi wata biyar ko shida a duniya har yanzu kayan yara ne a jikinsa ko da ya kai uwarsa girma. Kuma irin waɗannan baƙi ne a wajenmu, can Turai suke sheƙa, su ƙyanƙyashe wajen watan Mayu zuwa Yuni, in sanyi ya fara matsowa su biyo gaɓar teku su gangaro Afirka ta Yamma, muna ganinsu daga wajen Oktoba har zuwa Maris ko Afrilu sai su juya. Akwai wani ƙaramin cikinsu mai toka-tokan kai da yake hayayyafa a nan Afirka, irin su tsibiran Senegal da Gambiya, amma naki da girmansa ya fi kama da baƙon Turai. Wato abun da ke ƙarƙashin kwandonki ɗin nan matafiyi ne da ya keto dubban kilomita da fiffikensa, tafiyarsa ta farko a duniya, ga yunwa ga gajiya iska kuma ta zo ta maka shi a bayan tankinku. Ni dai duk sanda na tuna haka sai in ji jikina ya yi sanyi, ɗan abun nan ba fasfo ba guzuri.

Ga yadda ake rarrabewa saboda masu karatu da za su iya haɗuwa da na gasken. Jaririn gaske gashinsa laushi ne buzu-buzu kamar na ɗan tsako, toka-toka da baƙin tabo a kai, fiffikensa guntu ne ba dogayen gashi, yana tafiya da ƙafarsa tun yana 'yan kwanaki amma tashi sai ya yi sati biyar zuwa shida. A Turai da suke sheƙa a saman rufin gidaje irin waɗannan ne ke faɗowa tsakar gida, iyayen kuma suna nan suna shawagi suna ihu a ka, shi yasa in kin shiga intanet duk shawarar da za ki gani ita ce a mayar da shi saman rufi a bar ma iyaye. Shawara ce mai kyau a inda take, amma ke da kike Apapa in kika ɗora shi a rufi shirwa ko mage kawai kika ma hidima. Duk da haka ba a yanke hukunci daga nesa, in kin ga wasu manya farare suna zagaye gidan suna kuka suna kawo sura in an matso kusa da shi, toh wannan magana ta canza, a fito da shi fili a ja da baya a gani ko za su sauko.

Yanzu abun yi. Ki cire shi daga kwandon nan, ramukan kwando da keji na waya suna karya gashin fiffike, kuma tsuntsun da gashinsa ya lalace ko ya warke ba zai tashi ba sai ya jira sabo, watanni kenan. Ki samu babban kwali irin na talabijin ko na indomi guda biyu a haɗe, a huda ramuka a gefe, a shimfiɗa tsohon tawul ko zani wanda zare baya zazzarewa don kar ya naɗe masa yatsu, a rufe sama. Duhu da shiru sune rabin magani. Mu in mun ga tsuntsu ya yi lamo a hannu sai mu ce ya saba, alhali tsoro ne ya daskarar da shi, a wajensa ke da yaran da duk 'yan gidan hayan da ke zuwa leƙe dodanni ne, kuma firgici kaɗai yana iya kashe shi. Ki ba yaron aikin gadi, shi ne mai hana mutane buɗe kwali, za ki ga ya riƙe aikin da gaske.

Wajen ɗauka ki lulluɓa masa tawul har kai, ki haɗe fukafukan da jikinsa da hannu biyu, ki nisanta fuskarki don bakin nan kaifi gare shi kuma ido yake nufa. Kar a ɗaure masa baki da roba ko salatif kamar yadda wasu ke yi, in amai ya taso masa bakin a ɗaure shaƙewa zai yi. Sannan a nisanta kwalin da hayaƙin janareta da maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya, huhun tsuntsu ba irin namu bane, abun da zai sa ki tari kawai shi kwantar da shi zai yi. A ɗora shi a sama inda ɓera da gafiya ba za su kai ba, kin dai san ɓerayen Legas ba sai na faɗa miki ba. In jikinsa a jiƙe yake ko kin ga ya bubbuɗa gashi yana rawar ɗari, ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba ki zura ta cikin safa ki ajiye a gefe guda na kwalin, in ya ji ɗumi ya ishe shi zai matsa da kansa. Zafin jikin tsuntsu wajen digiri 40 ne zuwa 41, ya fi namu, kuma in jikin ya yi sanyi abinci baya narkewa, ruɓewa yake a ciki. Shi yasa ɗumi ke gaba da abinci.

Ruwa kuma, nan ne nake so ki saurare ni da kyau don ni abun ya taɓa faruwa a hannuna. Ina yaro a Agege lokacin ina kiwon tattabaru a bayan gida na tsinci ɗan kurciya a gindin mangwaro, na ga yana buɗe baki sai na ce ƙishirwa ce, na ɗauko cokalin shayi na ɗaga masa kai na tsiyaya masa ruwa. Cokali biyu kawai. Sai na ga 'yan kumfa suna fitowa ta hancinsa, ya miƙe wuya ya buɗe baki sau uku ba sauti, zuciyarsa da nake ji tana bugawa a tafin hannuna kamar agogo ta tsaya cak. Na daɗe a tsugune da shi a hannu ban san me na yi ba, sai daga baya wani dattijo mai tattabaru ya buɗe min bakin wata ya nuna min, ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, wani ɗan rami da ke buɗewa yana rufewa, duk ruwan da aka tsiyaya daga sama nan yake fara faɗawa ya wuce huhu. Sama da shekara talatin kenan ban manta ba. Don haka ba cokali, ba sirinji, ba ɗura. Ki zuba ruwa mai tsafta a kwano mai faɗi mara zurfi ki ajiye masa, in kin ga bai gane ba ki tsoma ƙarshen bakinsa kaɗan ki saki, zai sha da kansa. Ba sai kin sa gishiri ba wai don na teku ne, ruwan famfo ya isa.

Ruwan da kika ce yana ɗiga ta hancinsa, in garai-garai ne kamar hawaye kuma yana girgiza kai ya watsar, toh ba lallai mura bace. Allah ya yi ma tsuntsayen teku wasu 'yan halittu a saman ido da ke tace gishiri daga jininsu, gishirin ya biyo ta hanci ya ɗiga ta ƙarshen baki, da haka suke shan ruwan teku su zauna lafiya. Amma in majina ce mai kauri, ko fuska ta kumbura, ko yana murɗe wuya yana kallon sama, yana juyi a waje ɗaya ko yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, toh Hajiya a nan ki janye yara gaba ɗaya kar kowa ya sake taɓawa, a kira likitan dabbobi, don alamun murar tsuntsaye kenan.

Wannan ya kawo ni kan maganar maigida, ki isar masa da gaisuwata cikin girmamawa, na san ba mugunta bace, mu haka muka taso in dabba za ta mutu a yi sauri a sa mata wuƙa kar ta zama mushe. Hukuncin cin namansa wannan na malamai ne, ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana: tsuntsun daji da aka tsinta kwance ba a san me ya kwantar da shi ba, ba abun yankawa bane balle figa. An fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani irin wadda ake kira H5N1 a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, mu ne farko a Afirka, kuma a farkon 2007 wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu da ita a nan Legas ɗin da muke. Wajen yanka da figa da fiɗa ne mutum ya fi shiga haɗari saboda jini da ƙurar gashi. Naman da bai cika tafi ba bai kai a sa gida cikin wannan ba. Ke ma mai jinyar ki dinga sa safar hannu ko ki zura hannu a leda, ki sa takunkumi in za ki share kashinsa, ki wanke hannu da sabulu, kuma in akwai masu kaji ko agwagi ko tattabaru a gidan kar a haɗa su waje ɗaya ko kwanon ruwa ɗaya.

Abinci. Bayan ya samu ɗumi ya huta na wasu awanni ya sha ruwa, sai kifi ɗanye. Ku da kuke Apapa ai kifi ba wahala, shawa ko taitus ko kote duk ya yi, amma wanda ya fi shine ƙananan kifi sabbi daga hannun masunta waɗanda zai haɗiye ɗungurungum da kai da ƙaya da kayan ciki, don a ƙashin nan yake samun abun da ke ƙarfafa nasa ƙashin. In na firji ne a bari ya saki gaba ɗaya, a yanka siri-siri kamar ɗan yatsa, a tsoma a ruwa a ajiye masa a faranti a rufe kwali a ba shi waje. Yawancinsu in yunwa ta ci su ba a roƙonsu, za ki dawo ki tarar da faranti wayam. Kar ki cika masa da farko, yanka uku ko huɗu, in ya riƙe bai amayar ba bayan awa uku ko huɗu a ƙara, a haka a haka har cikin ya dawo daidai. Ban da banda, ban da soyayye, ban da kifin gwangwani mai mai da gishiri, ban da tuwo da shinkafa da miya. In dare ya yi ba kifi dafaffen ƙwai da aka farfasa zai riƙe shi zuwa safe. In jinyar za ta wuce sati kuma kifin firji kaɗai yake ci ki gaya ma likita, don irin wannan kifin yana rasa sinadarin bitamin B1, rashinsa kuma yana kawo musu shanyewar ƙafa da karkarwa, akwai ƙwayar da ake tura musu a cikin kifin.

Wanda kuma Allah ya haɗa shi da jaririn gaske mai buzu-buzu, shi sai an yanka ƙanana sosai an miƙa masa sau da yawa a yini. A daji jan ɗigon nan na bakin uwa yake sara da bakinsa sai ita kuma ta amayo masa kifi, wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Niko Tinbergen da ya samu kyautar Nobel a 1973 ya yi suna a kan binciken wannan ɗabi'ar, shi yasa in aka riƙo kifin da ɗan tsinke aka kawo saitin bakinsa daga sama sai ki ga ya kai sara da kansa.

Ki kuma duba min abu huɗu a jikinsa, sau ɗaya, a natse, ke da wani babba. Ki shafa ƙirjinsa, masu tattabaru sun san wannan, in ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa ba tsoka a gefe toh yunwa ta daɗe tana cinsa. Ki duba fukafukan ko ɗaya ya fi ɗaya saukowa yana jan ƙasa, wannan karaya ce ko targaɗe, kuma kar a kai shi wajen mai ɗori ko a ɗaure da tsinke da zare, ƙashin tsuntsu rami ne a ciki kuma yana saurin haɗewa, in ya haɗe a karkace shi da tashi har abada. Ki duba ko akwai zaren fatsa a ƙafa ko fiffike ko yana leƙowa daga baki, in daga baki ne kar a ja ko kaɗan don ƙugiya na ciki, a bar ma likita. Na huɗun shine baƙin mai, wanda ku 'yan Apapa kun fi kowa sanin yadda yake shimfiɗe a kan ruwan wajen tasha. In gashin ya dunƙule yana danƙo yana warin gas, mai ne, yana raba gashin ruwa ya shiga har fata sanyi ya kama shi, in ya zo gyara gashin da baki kuma ya haɗiye. Dan girman Allah kar a wanke shi da kalanzir ko fetur ko Omo, kuma kar a yi gaggawar wankan ma sam, sai ya ci ya yi ƙarfi tukun, wankan tsuntsu mai mai aikin waɗanda suka iya ne. In kuma ba ko ɗaya cikin waɗannan amma ƙafafun sun saki baya iya tsayuwa wuya na langaɓewa, sau da yawa guba ce ta ruɓaɓɓen abu da ya ci a bola ko ruwan kwata, wannan ma na likita ne kuma da yawa suna tashi in an taimaka musu da wuri.

Inda za a nema taimako, akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu, sai dai ki fara tambaya a waya ko suna duba tsuntsun daji don wasu karnuka da kaji kawai suka sani. Sannan akwai gidauniyar kare muhalli ta NCF da ke da cibiyar nan ta Lekki da aka buɗe a 1990, kan titin Lekki zuwa Epe, harkar tsuntsaye na cikin aikinsu, a tura musu hoto su faɗi ko wane iri ne su kuma nuna wanda ya dace a kai ma. Ki ɗau hoton daga gefe yadda baki da ƙafa za su fito. In kin ga zobe a ƙafarsa na ƙarfe ko na roba mai lamba kar a cire, ba asiri bane ba kuma na wani mai shi bane, masu bincike ne ke sa musu tun suna sheƙa, ki kwafi lambar ki haɗa da hoton, da ita za a san ƙasar da aka ƙyanƙyashe shi.

Shi kuma ɗana mai kuka, ki ce masa Malam yace wannan ba irin na kiwo bane kamar tattabara da za ta yi shawagi ta dawo ɗaki, baƙo ne ya sauka a gidanku, kuma baƙo in ya huta sallamarsa ake. In ya fara cin abinci da kansa, yana tsayuwa da ƙarfi, yana kai miki sara, toh sauƙi ya samu. A sa masa ruwa a baho ya yi wanka da kansa, ki lura in ruwan na gangarewa a gashin kamar a ganyen gwaza to rigarsa ta gyaru, in yana jiƙewa sharkaf da saura. A gwada shi a ɗaki ko shago da ba fanka a kunne, in ya iya tashi daga ƙasa ya hau tebur ko taga ba wahala, lokaci ya yi. A kai shi bakin ruwa da sassafe ranar da ba hadari, inda ake ganin 'yan uwansa, in da hali irin su Tarkwa Bay da ake shiga ta jirgin ruwa sun fi cikin tasha tsafta. Kar a cilla shi sama, a ajiye kwalin a kan yashi a buɗe a koma baya, kuma yaron ne zai buɗe da hannunsa. Zai iya tsayawa minti goma yana gyara gashi yana kallon ruwa kafin ya ɗaga, a ƙyale shi. Sannan Hajiya in faɗa miki gaskiya, wasu ko an yi komai daidai basa tashi don kafin a tsince su sun riga sun yi nisa, in hakan ta faru kar ki ɗora ma kanki, a sa leda a ɗauka a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Ki rubuto mana yadda ta kaya.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Akwai wata bishiya kusa da inda muke sayar da dabbobi da balbelu ke kwana suna sheƙa, duk sanda aka yi ruwa da iska sai mun tarar da 'ya'yan a ƙasa. Jikokina suna kwasowa gida, ni kuma tun muna yara ake ce mana in mutum ya taɓa ɗan tsuntsu uwar ba ta sake karɓarsa don ta ji warin hannu. Haka ne?

Wani dattijo, Agege

AMSA

Baba barkanku da kasuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan magana duk mun ji ta a bakin manya, kuma ina ga hikimarsu ita ce a hana yara ɓarnar sheƙa, amma ba haka abun yake ba. Uwa ba ta gudun ɗanta don an taɓa shi, da kuka da gani take gane shi. Ni da hannuna na sha mayar da 'ya'yan tattabara da na kurciya kuma iyayen suka ci gaba da ciyarwa kamar ba a yi komai ba.

Naku ya bambanta da na Hajiyar Apapa, don ku iyayen suna nan a kan bishiya kuna ganinsu. Saboda haka in ɗan bai ji rauni ba, a ɗumama shi a hannu ko cikin tsumma in ya jiƙe, sannan a samu saurayi mai hankali ya mayar da shi. In an san sheƙar da ya faɗo a sa shi ciki, in ba a sani ba ko ta wargaje a ɗaure ƙaramin kwando mai huji a ƙasa a reshe mafi kusa, a sa 'yan ƙirare da busasshiyar ciyawa a ajiye shi. A yi sauri a sauko, don in aka daɗe a sama sauran 'ya'yan na firgita su yi ta faɗowa, gyara ya zama ɓarna. Waɗanda suka yi gashi suna dafe reshe da ƙafa kuwa a ɗora su a reshe kawai za su hau da kansu. Dalilin da yasa na nace a mayar shine balbela ba ta cika saukowa ƙasa ta ciyar da wanda ya faɗo ba, in an bar shi a gindin bishiya na mage ne. In dole sai an riƙe a gida, cimarsu fara ce da ƙwari da 'yan kwaɗi da ƙananan kifi, ba gero ba tsaki, kuma faran kar ta zama wadda aka kashe da feshi.

Ku kuka fi ni sani Baba, hadisin nan da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai suna tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah (SAW) da ya dawo ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, yace a mayar mata. In kuka zaunar da jikokin kuka ba su wannan da bakinku zai fi duk bayanina shiga.

TAMBAYA

Slm Malam, ni ɗan okada ne a Ajah, na sayi wani farin tsuntsu a hannun yara a bakin ruwa ₦500 don na ga sun ɗaure masa ƙafa da zare suna ja. Ƙarami ne bai kai tattabara kauri ba, fiffike dogo, baki tsini, wutsiya kamar almakashi. Kwana biyu kenan ya ƙi cin komai.

Ƙaninka, Ajah

AMSA

Ƙanena Allah ya biya ka. Wannan ɗan uwan na Apapa ne amma ba iri ɗaya ba, masu wutsiyar almakashin nan daga sama suke hango kifi su faɗo ruwa su cafke shi da rai, basu san cin abu a faranti ba, shi yasa riƙe su a gida ke da wuya ƙwarai kuma kwana biyu ba ci a jikin ƙaramin tsuntsu ba wasa bane. Yau ɗin nan ka warware zaren a hankali da reza, ka duba ƙafar da fiffiken. In ba karaya kuma yana da kuzari yana fizge-fizge, kar ka ƙara masa ko kwana ɗaya, ka kai shi bakin ruwa nesa da inda yaran suke ka buɗe kwali. In ya yi laushi, ka nemi 'yan mitsi-mitsin kifi sabbi wajen masu koma, ka sa su cikin ruwa a faranti kana motsawa da tsinke ko zai kai sara, in ya ƙi toh kar ka tsaya gwaji, ka ɗauke shi a kwali ka nufi likitan dabbobi, kai da ke da mashin kuma cibiyar Lekki ba nisa daga wajenka. Sai dai ka ɗaure kwalin da kyau ka bi a hankali a kan ramuka. Yaran kuma in ka sake ganinsu ka yi musu magana ko ka samu iyayensu, amma kar ka sake ba da kuɗi, in suka ga ana saye gobe guda uku za su kamo.